ABINCIN ƘANANAN ƘWARIN TEKU, DA ABIN DA MAI KIWON KIFI ZAI KOYA DAGA GARE SU



Tambayar da ta fi yawa daga masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ita ce: "Kifina sun ƙyanƙyashe lafiya lau, dubbai, amma kafin sati biyu sun ƙare. Me ya faru?" Dalilan suna da yawa. Akwai ruwa, akwai zafi da sanyi, akwai cuta. Amma babban dalilin da ake yawan tsallakewa shi ne abincin farko. Ba wai ko an ba su ko ba a ba su ba kawai. A'a, shi abin da aka ba su ɗin, me ke cikin cikinsa?

Don a gane wannan magana, yau zan kai mu teku. Na san da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a waya, amma a can ne amsar take. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

SU WANE NE WAƊANNAN ƘWARI?

Idan aka ɗebi bokiti ɗaya na ruwan teku aka tace da kyalle mai laushi, za a ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu suna tsalle. Duk wata halitta da ke yawo a ruwa, igiya na kai ta inda ta ga dama, masana suna kiranta filankton. Iri biyu ne. Akwai na tsiro, wato gansakuka ƙanana masu ƙwayar halitta ɗaya, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana. Akwai kuma na dabba, masu cin na tsiron.

A cikin na dabbar, waɗanda suka fi yawa su ne ake kira kofefod. Mu dai muna ce musu ƙwari don ƙanƙantarsu, amma a gaskiya dangin jatan lande ne da ƙaguwa. Sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa mai ƙafa kamar filafilin kwalekwale. Yawancinsu ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kusan ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Masana sun lissafa fiye da iri 10,000, kuma ana sa su cikin dabbobin da suka fi kowace dabba yawa a duniya.

Suna da babban wa da ake kira kiril, mai kama da ƙaramin jatan lande. Wanda ke tekun Antatika yana kai santimita 6. Shi ne abincin manyan dabbobin teku irin su wel.

Shi kofefod daga ƙwai yake fitowa, ya bi matakai 6 yana ɗan tsako, ya sake bin matakai 5 yana matashi, sannan ya balaga. A kowane mataki sai ya saɓe fatarsa. Ku riƙe wannan, domin abin da yake ci yana ƙarami daban yake da abin da yake ci idan ya girma, kuma wannan bambancin zai shafi tafkinku.

ME SUKE CI?

Babban abincinsu gansakukar teku ce. Shahararriya a ciki ita ce dayatom. Ita wannan tana da ɓawo mai tauri wanda aka gina da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi da gilashi. To yaya ɗan ƙwaro mai milimita 2 zai fasa gilashi? Da yawa daga masu cin dayatom haƙoransu ma akwai silika a bakinsu. Ƙarfe ne ya haɗu da ƙarfe.

Amma ba ganye kaɗai suke ci ba. An daɗe ana ɗaukarsu a matsayin shanun teku masu kiwo kawai, daga baya bincike ya nuna yawancinsu ci-duka ne. Suna cin wasu ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya da ke iyo da gashi-gashi a jikinsu, sau da yawa ma sun fi son su a kan gansakuka. Suna cin ƙwai da 'ya'yan wasu ƙwarin, har da na 'yan uwansu. Wasu suna bin ɓurɓushin matattun halittu da ke gangarowa ƙasan teku kamar auduga, su manne a jiki suna gwaguya. Akwai kuma manya daga cikinsu da nama zalla suke ci, suna kama ƙananan kofefod har da 'ya'yan kifi sabbin ƙyanƙyasa.

YAYA SUKE CIN ABINCIN?

Hanyoyi huɗu ne manya.

Na ɗaya, masu jawo ruwa. Suna kaɗa ƙananan ƙafafuwan da ke kusa da bakinsu da sauri, ruwa ya riƙa gudu ta gabansu yana kawo abinci. Da can an ɗauka tacewa kawai suke yi kamar rariya, duk abin da ya maƙale su haɗiye. A shekarar 1981 wasu masana biyu, Mimi Koehl da Rudi Strickler, suka wallafa binciken da suka yi da kyamara mai ɗaukar ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa ɗaya. Sai aka ga ashe ba haka ba ne. Ga halitta mai wannan ƙanƙanta, ruwa kauri gare shi kamar zuma, ba ya ratsa rariya da sauƙi. Abin da kofefod ke yi shi ne, idan ya ji ƙwayar abinci ta matso, sai ya buɗe wasu ƙafafuwan, ya jawo ɗan ruwan da ƙwayar ke ciki, ya matse ruwan, ya kai ƙwayar baki. Ɗaya bayan ɗaya. Kuma yana ɗanɗanawa. Wadda bai so ba, kamar gansakuka mai guba, yana iya ture ta.

Na biyu, masu kwanton ɓauna. Waɗannan ba sa wahalar da kansu. Sai su tsaya cik a cikin ruwa, su baza dogayen ƙahonninsu masu gashi. Da wani abu mai rai ya motsa a kusa, gashin zai ji girgizar ruwan, sai su daka tsalle su cafke. Irin waɗannan abu mai motsi suke nema, wanda ba ya motsi da wuya su san yana wurin.

Na uku, masu farauta, waɗanda ke iyo suna neman nama.

Na huɗu, masu kankara. Suna zaune a ƙasa ko a jikin duwatsu da ciyawar ruwa, suna kankare santsin da ya manne da ƙwayoyin bakteriya da ke ciki.

Wasu nau'o'in suna sauya salo. Idan gansakuka ta yi yawa su jawo ruwa, idan abinci mai motsi ne ya fi yawa su koma kwanton ɓauna.

Lokacin cin abincin ma akwai tsari. Gansakuka tana sama inda rana take. Amma sama da rana tsaka wuri ne mai haɗari, don kifi da ido yake farauta. Shi ya sa da yawansu suke wuni a ƙasa cikin duhu, da magariba su hau sama su ci, kafin gari ya waye su koma. Kullum haka, wasu tafiyar gomman mitoci, wasu ɗaruruwa. Ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba fa.

MAI DA KE CIKIN JIKINSU

Nan ne maganar ta fara shigowa gidanmu.

A arewacin tekun Atlantika akwai wani kofefod da ake kira kalanus, tsawonsa milimita 2 zuwa 4. Idan sanyin can ya wuce rana ta dawo, dayatom takan yi yawa sosai. Sai kalanus ya ci iya cinsa, ya mai da abincin mai, ya tara a wata jaka a cikin jikinsa. Man yana iya kai rabin nauyinsa ko fiye idan an busar da shi. Daga nan sai ya nutse ɗaruruwan mitoci ƙasa, wani lokaci fiye da mita 1,000, ya kwanta watanni ba ci ba sha, da wannan man yake rayuwa. Kamar dai manomi da rumbunsa.

Kifin shawa da titus da muke saya a wurin masu kifin ƙanƙara, wannan ƙwaron yana cikin manyan abincinsu a can. Man omega-3 da ake yabon kifin teku da shi, ba kifin ne asalin mai haɗa shi ba. Gansakuka ce take haɗawa, kofefod ya ci ya tara, kifi ya ci kofefod, mu kuma mu ci kifi. A Norwe har kamun kalanus ake yi da raga mai ƙananan idanu don a tatsi man.

Launi ma haka yake. Jan da ke jikin kiril da jatan lande, asalinsa daga sinadaran launi na gansakuka ne. Kifin salmon daga cin irin waɗannan halittu namansa ke yin ja. Masu kaji kun san wannan darasi tuntuni: kazar da ke cin jar masara da ɗanyen ganye, gwaiduwar ƙwanta ja take yi, wadda ke cin farar masara zalla gwaiduwarta fari-fari. Kaza ba ta ƙirƙirar launin, ɗauko shi take yi daga abinci. To ƙwaron ruwa ma haka ne. Buhu ne. Abin da aka zuba masa shi zai kai wa kifinka.

Ko farashin abincin kaji da na kifi yana da alaƙa da wannan. Ƙasar Peru tana cikin waɗanda suka fi kowa fitar da garin kifi a duniya, daga wani ƙaramin kifi da ake kira ancobeta, wanda filankton yake ci. A gaɓar tekunsu ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasa da sinadaran da ke zama taki ga gansakuka. Shekarar da yanayin El Nino ya zo, ruwan ɗumi ya rufe sama, takin ya ragu, gansakuka ta ragu, ƙwarin su ragu, kifin ya watse. A farkon shekarun 1970 kamun kifin nasu ya durƙushe, El Nino na 1972 da yawan kamu suka haɗu a kansa. A 2023 ma gwamnatin Peru ta soke zangon kamun farko a babban yankin kamunta. Idan garin kifi ya yi ƙaranci a kasuwar duniya, kamfanonin haɗa abinci ko'ina suna ji a jikinsu, daga nan kuma ya gangaro kan buhun da kake saya.

ATIMIYA: BUHUN DA BA YA ZAƁE

Duk mai ƙyanƙyasa ya san gwangwanin atimiya da tsadarsa. Ita ma dangin jatan lande ce, sai dai ba a cikin teku take ba, a tafkunan gishiri take, inda gishirin ya yi yawan da kifi ba zai iya zama ba. Babban wurin da ake samo ƙwanta shi ne Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka. Abin da ke cikin gwangwanin ƙwai ne busassu. Giram 1 yana ɗauke da ƙwai wajen 200,000 ko fiye.

Bambancinta da kofefod a wurin ci shi ne ita ba ta zaɓe. Tacewa take yi, duk abin da girmansa ya dace da bakinta ta haɗiye, gansakuka ne, yis ne, garin dusar shinkafa mai laushi ne, ɗigon mai ne. Masu ƙyanƙyasar kifin teku sun mai da wannan halin nata abin amfani. Atimiya ba ta da isasshen irin man da 'ya'yan kifin teku ke buƙata, wanda shi kofefod yake da shi a jikinsa. Sai su jiƙa ta na wasu awanni a ruwan da aka gauraya da man kifi da bitamin, ta cika cikinta, sannan su ba kifin.

Ga abu biyu da ya kamata mai tarwaɗa ya sani game da cin abincinta.

Na farko, atimiya sabuwar ƙyanƙyasa ba ta ci. Bakinta bai fara aiki ba, da guzurin da ta fito da shi daga ƙwai take rayuwa. Wannan guzurin shi ne ka biya kuɗi dominsa. Bayan kamar awa 8 a ruwa mai ɗumi za ta saɓe ta shiga mataki na biyu, ta ƙara tsawo da sauri, guzurin kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ka bar ta ta kwana a bokiti ba abinci, washegari ka zuba wa kifi, ka ba su abin da ya riga ya cinye wani kaso na amfaninsa, ga shi ya fi wuyar kamawa. Saboda haka a ƙyanƙyashe kaɗan-kaɗan kullum, a bayar da zarar ta fito. Wadda ta rage a sa ta a wuri mai sanyi sosai, kamar cikin kula da ƙanƙara, da ɗan iska, sanyin yana rage mata ƙona guzurin.

Na biyu, 'yar ruwan gishiri ce. A ruwan tankinka 'yan awanni za ta yi ta mutu. Wadda kifi bai ci ba za ta ruɓe ta ɓata ruwa. Gara a ba da kaɗan sau da yawa, a kan a zuba da yawa sau ɗaya. Haka ma wadda aka cire wa ɓawo da ake bayarwa kai tsaye ba tare da ƙyanƙyasa ba: ƙasa take nutsewa, sai an riƙa zuƙe ragowar da tiyo.

Ƙyanƙyasarta kuwa: gishiri giram 25 zuwa 30 a lita 1 na ruwa, ƙwai kamar giram 2 a lita, iska mai ƙarfi daga ƙasa, haske, ɗumin ruwa wajen digiri 28. Cikin awa 24 yawanci sun fito.

NA GIDA: MOYINA DA 'YAN UWANTA

Ba sai mun je teku ba. A kududdufanmu da madatsun ruwanmu akwai dangin waɗannan halittu na ruwan daɗi. Akwai moyina da dafniya, waɗanda ake yi wa laƙabi da ƙumar ruwa saboda yadda suke tsalle. Akwai saikulof, wanda shi kofefod ne na ruwan daɗi. Akwai kuma rotifa, ita ba danginsu ba ce amma tare ake samunsu, kuma ta fi su ƙanƙanta. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja ta daɗe tana aiki a kan noman irin wannan abinci mai rai.

Wani sauƙi da muka samu shi ne tarwaɗa da karfasa kifayen ruwan daɗi ne, jikinsu yana iya sarrafa wani ɓangare na man da suke buƙata daga man tsirrai. Ba su da tsananin buƙata irin ta 'ya'yan kifin teku. Don haka moyinar da ta ƙoshi da koren ruwa abinci ce mai kyau a gare su.

Ɗan tarwaɗa yakan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 1 a ruwa mai ɗumi, ya yi wajen kwana 3 yana shan gwaiduwar da ke manne a cikinsa. Daga rana ta 3 zuwa ta 4 yake fara neman abinci, a lokacin kuma tumbinsa bai gama haɗuwa ba, sai bayan wasu kwanaki. Shi ya sa busasshen gari ke ba shi wahala a farko, abinci mai rai mai laushi kuma yake karɓarsa. Idan ya rasa, ɗan uwansa zai juya ya ci. Wani ɓangare na kifin da ake cewa sun ɓace, a cikin 'yan uwansu suke.

A yanayinmu na zafi moyina ta fi dafniya dacewa. Ta fi ƙanƙanta, yawanci ba ta wuce milimita 1, tana jure zafi da ruwa mai datti. Idan abinci ya wadata mata ne zalla, suna haihuwa ba tare da namiji ba, 'yar da aka haifa kuma cikin kwana 4 zuwa 5 ita ma ta fara haihuwa. Cin abincinta irin na atimiya ne, tacewa: gansakuka, bakteriya, yis.

YADDA ZA KA CIYAR DA MAI CIYAR DA KIFINKA

Mai kaji yana da rabin jarin a hannu, domin kashin kaji shi ne takin.

1. Samu tanki ko baho mai faɗi, zurfin ruwa kada ya wuce rabin mita. A ajiye inda rana ke samu amma da ɗan inuwa da tsakar rana.

2. Zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. Idan na famfo ne a bar shi ya kwana biyu maganin ya fita.

3. Busasshen kashin kaji kamar rabin kilo a lita 1,000. A ɗaure a buhu a rataya a cikin ruwan, kada a watsa. A guji kashin kajin da ake kan ba su magani.

4. Cikin 'yan kwanaki ruwan zai fara kore. Ka lura, kashin ba shi moyina ke ci kai tsaye ba. Taki ne, shi ke tayar da gansakuka da bakteriya, su ne abincin.

5. Sai a zuba irin moyina. Ya fi kyau a samo a wurin mai ƙyanƙyasar da ke nomanta. Idan daga kududdufi za a ɗebo, a je da sassafe, a tace, a zuba a farin kwano a tsince ƙwari da duk abin da ba ita ba.

6. A rufe da gidan sauro. Mazari da sauro da kwaɗi duk suna son yin ƙwai a irin wannan ruwa, 'ya'yan mazari kuwa mafarauta ne, har ɗan kifi suna kamawa.

7. Idan sun yi yawa za ka ga koren yana washewa, sun cinye kenan. A ƙara koren ruwa daga wani baho na daban, ko ɗan yis na burodi da aka dama a ruwa, kamar giram 20 a lita 1,000. Kada a ƙara sai ruwan ya sake washewa. Yis idan ya yi yawa ruɓewa yake yi, ya cinye iskar ruwan, a wayi gari duk sun mutu.

8. A kwashe da raga mai laushi sosai, kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu a rana. A ɗauraye da ruwa mai tsabta kafin a kai wa kifi, don kada ruwan taki ya shiga tankin ƙyanƙyasa. Ga 'ya'yan kifi na kwanakin farko a sake tacewa a ba su ƙananan.

Ga gwajin da ba ya buƙatar na'ura. Ɗebo su a kofin gilashi ka ɗaga wa haske. Jikinsu garau yake, ana ganin hanjinsu. Idan ka ga layi kore ko mai duhu a tsakiya, sun ƙoshi. Idan fari fat suke, yunwa suke ji, kuma kifin da ya ci su ɓawo ya ci. Idan sun yi ja sosai, alama ce iskar ruwan ta yi ƙasa, a rage taki a sauya wani ɓangare na ruwan.

A yi baho biyu ko uku a fara su a ranaku daban-daban, domin irin wannan noma yakan rushe dare ɗaya. Sannan bokitin da aka taɓa haɗa maganin feshi a ciki kada ya kusanci wurin. Maganin kashe ƙwari, ko kaɗan ne, yana gamawa da su.

A YI HATTARA DA SAIKULOF

Kun tuna na ce abincin kofefod yana sauyawa idan ya girma? Saikulof yana ɗan tsako abinci ne mai kyau ga ɗan kifi. Idan ya balaga, da yawa daga nau'o'insa nama suke ci. Suna cin rotifa da 'ya'yan moyina, kuma suna far wa 'ya'yan kifi sabbin ƙyanƙyasa su ciji jikinsu. A Biyetnam har zuba wani nau'insa aka yi a randunan ruwa don ya cinye 'ya'yan sauron da ke kawo zazzaɓin dengi.

Wannan yana da muhimmanci ga masu renon 'ya'yan kifi a tafkin ƙasa. Idan aka cika tafki aka sa taki, abubuwa bi da bi suke zuwa: gansakuka, sai rotifa, sai ƙumar ruwa da kofefod, sai manyan ƙwari. Wanda ya cika tafki ya bar shi sati uku ko wata guda don ya "nuna" sosai, sannan ya zuba 'ya'yan kifi 'yan kwanaki, ya kai su ne lokacin da ƙananan abinci ya ƙare, masu cin su kuma sun balaga. A zuba su a cikin satin farko bayan ruwan ya yi kore, don kifin ya riga mafarautan girma. Gwajin kore kuwa, tsoma hannu zuwa gwiwar hannu. Idan tafin ya ɓace daidai nan, ya yi. Idan ya ɓace tun a wuyan hannu, takin ya yi yawa.

Gane saikulof ba wuya. Siffarsa kamar ɗigon ruwa mai wutsiya, yana tafiya fizge-fizge, macen tana ɗauke da jakar ƙwai biyu a gefe da gefe. Moyina kuwa kewayayya ce.

Iyayenmu sun san aikin wannan ƙwaro ko da ba su san sunansa ba. Shi ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar kurkunu a kududdufi, mutum ya sha ruwan da shi a ciki, bayan kamar shekara tsutsar ta fito masa a ƙafa. Shi ya sa a lokacin yaƙi da cutar aka riƙa raba kyallen tace ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu a 2013, Ghana a 2015, amma a Chadi ba a gama da ita ba tukuna. Ruwan noman moyina da na kududdufi na kifi ne, ba na sha ba, a kula da yara.

Akwai ma dangin kofefod da suka koma cin jikin kifi gaba ɗaya. Wani yana kafa kansa a fatar kifi kamar ƙugiya, ka gan shi kamar zare yana lilo, wurin ya yi ja. Wani a cikin matsatsin numfashin kifi yake maƙalewa. Wannan ma dalili ne na tace duk ruwan da aka jawo daga rafi ko dam, da kuma ware sabon kifi na wasu kwanaki kafin a haɗa shi da na gida.

KAFIN KA YI ALLURAR GABA

Mai shirin ƙyanƙyasa ya fara bahon koren ruwansa kwana 10 zuwa 14 kafin ranar da zai yi wa uwar kifi allura, ta yadda ranar da 'ya'yan suka buɗe baki abincinsu yana nan a ƙoshe. Ba na cewa a jefar da atimiya. Wanda ke da hali ya fara da ita a kwanakin farko, ya haɗa da moyina, sannan a hankali ya riƙa shigo da garin abinci yana rage mai rai. Ko gwangwani ɗaya ka rage a kowace ƙyanƙyasa, kuɗi ne ya zauna a aljihunka.

Wanda ya taɓa noman moyina a garinsu ya gaya mana irin takin da ya yi amfani da shi da kwana nawa ruwan ya ɗauka kafin ya yi kore, musamman lokacin hunturu, don sabbin shiga su ƙaru. A tura wa duk wanda aka san yana shirin fara ƙyanƙyasa.